Alkawarin Tsaro da Aka Warware

A ƙasar Hausa saukar baƙo ba abin wuya ba ne. In fatake sun iso gari da almuru, ko dare ya yi wa wani matafiyi, ba ya rasa zauren da zai shimfiɗa tabarmarsa, a kawo masa ruwa da tuwo, a ɗaure masa dabbarsa a turke. Amma akwai abu guda wanda mai gida mai hankali ba ya yi, komai ƙaunarsa da baƙo. Ba ya danƙa masa mabuɗin ƙofa, ya ce ya shiga ya fita sa'ad da ya ga dama, da shi da duk wanda ya ɗauko. Dalili kuwa, ran da baƙon nan ya yi faɗa a kasuwa, abokan faɗansa ba garinsu za su bi shi ba, gidan da ya sauka za su nufo.

To, ƙasa ma gida ce, tana da ƙofa, tana da maƙwabta, tana da baƙi. Gardamar da ta fara tsananta a Nijeriya bayan samun mulkin kai, a kan maganar mabuɗin ƙofa aka yi ta. An shekara guda da 'yan watanni ana ja, tun daga cikin majalisa har bakin titi, kuma wanda nauyin ya fi danne wa shi ne Firayim Minista, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Kafin a fahimci gardamar sai a san abin da a ke nufi da tsarin mulki. Tsarin mulki shi ne babbar dokar ƙasa, wadda ta ke bayyana ikon kowa da iyakarsa: abin da ke hannun gwamnatin tarayya, da abin da ke hannun jihohi, da abin da minista zai iya yi shi kaɗai, da wanda ba zai yi ba sai majalisa ta yarda. A zamanin Turawa abu biyu suna hannun Gwamna, ba ruwan ɗan ƙasa da su, watau soja da hulɗa da ƙasashen waje. Sabo da haka ne da Ingila ta shiga yaƙi da Jamus a 1939, Nijeriya ta wayi gari cikin yaƙi ba tare da an tambayi kowa ba. Samarin Kano da Katsina da Bauci da Barno suka yi yaƙi a Habasha, daga baya aka haye da su teku zuwa dazuzzukan Bama, waɗansu suka komo, waɗansu can aka binne su. Da mulkin kai ya zo ran 1 ga Oktoba 1960, abubuwan nan biyu suka koma hannun gwamnatin tarayya a Ikko, ita kuwa tana ƙarƙashin Majalisar Wakilai, wadda jama'a suka zaɓa. Ma'anar mulkin kai ke nan a taƙaice: ba wanda zai sake kai 'ya'yan ƙasa yaƙi sai da yardar wakilansu.

Asalin maganar daga birnin Landan ta taso. A 1958 shugabannin Nijeriya suka tafi taron gyaran tsarin mulki, taron da aka tsai da ranar mulkin kai a cikinsa. A gefen taron nan gwamnatin Ingila, wadda Ministan Tsaronta a lokacin shi ne Duncan Sandys, ta kawo wata takarda ta neman alkawarin taimakon juna wajen tsaro. Shugabanni huɗu suka sa alamar hannunsu a kanta: Abubakar, da Sardaunan Sakkwato Alhaji Ahmadu Bello, da Dokta Nnamdi Azikiwe, da Cif Obafemi Awolowo. Cikin sharuɗɗan takardar nan ta fari har da cewa Nijeriya za ta ba Ingila hayar fili a Kano, wanda zai kai eka 150, domin ta yi gine-gine ta ajiye mutanenta masu kula da jiragen yaƙi masu wucewa.

Mai karatu zai so ya san abin da ya sa Ingila ta ƙwallafa rai a kan Kano. Tun 1925 jiragen sama na sojan Ingila suka fara sauka a can. A yaƙin Hitila kuwa, da hanyar Bahar Rum ta yi wuyar bi, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana, a harhaɗa su, su tashi su bi ta Ikko da Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi da Sudan, har su isa Masar. Turawa ba su manta da amfanin hanyar nan ba. Bayan rikicin mashigin Suwez na 1956, Ingila ta ɓata da Masar da waɗansu ƙasashen Larabawa, ba ta da tabbacin za a bar jiragenta su ratsa samaniyarsu, alhali kuwa tana da sojoji a Kenya da Adan da Singafo waɗanda ta ke so ta riƙa kai wa gudunmawa da gaggawa. Sai ta ga in ƙofar gabas ta rufe, ga ta Kano a buɗe.

Aka yi zaɓe a watan Disamba 1959. Jam'iyyar NPC da NCNC suka haɗu suka kafa gwamnati, Awolowo kuwa ya zama shugaban abokan hamayya a Majalisar Wakilai. Cikin 1960 maganar takardar nan ta fito fili, jaridu suka ɗauka, aka yi ta surutu. Awolowo ya ce matsa musu aka yi a Landan, aka nuna musu in ba su sa hannu ba ranar mulkin kai za ta yi nisa. Wannan bai hana a tuna masa cewa shi ma hannunsa yana kan takardar ba. Da surutu ya yi yawa aka sake zama da Turawa, aka fid da maganar hayar fili ɗungum. Abin da ya rage shi ne Ingila za ta horad da sojan Nijeriya, ta taimaka da makamai da hafsoshi, ƙasashen biyu su riƙa shawara da juna in hatsari ya taso, jiragen yaƙi na kowace ɗaya su ratsa samaniyar ɗayar su sauka a filayenta, a kuma bar Ingila ta riƙa gwada jiragenta cikin zafin ƙasar nan.

A watan Nuwamba 1960, ƙasa ba ta cika wata biyu da mulkin kai ba, Ministan Tsaro Alhaji Muhammadu Ribaɗu ya kawo alkawarin gaban majalisa. Ya kamata a yi wa kowane gefe adalci, domin ba gardama ce tsakanin masu son ƙasa da maƙiyanta ba. Kowa yana da abin da ya ke tsoro, kuma tsoron kowa yana da tushe.

Abin da gwamnati ta duba shi ne ƙarfinta. Sojan Nijeriya duka bataliya biyar ne, ga ƙasa mai faɗi, ga iyaka mai tsawo tun daga bakin teku har bakin hamada. Yawancin manyan hafsoshi Turawa ne, babban kwamandan ma Bature ne. Jiragen ruwan yaƙi 'yan kaɗan ne, sojan sama kuwa babu sam. A gabas ana ta tawaye a Kamaru. A Kwango, kwanaki kaɗan bayan mulkin kai soja suka yi bore, ƙasa ta dagule, har Nijeriya ta aika da nata sojan ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ai sai ka shafa wa naka ruwa. Banda wannan, kuɗin da za a sayi makamai da shi, shi ne kuɗin makaranta da asibiti da rijiya. In akwai tsohon abokin da zai ɗauke wani kashi na nauyin, ina laifi?

Abin da abokan hamayya suka duba kuwa shi ne halin da duniya ta ke ciki. A lokacin duniya ta rabu biyu, Amurka da Ingila da mabiyansu a gefe ɗaya, Rasha da nata a gefe ɗaya, kowa ya tara makaman da za su iya ƙone birni cikin ƙiftawar ido. Ran 1 ga Mayu 1960 Rasha ta harbo wani jirgin leƙen asiri na Amurka wanda ya taso daga Fakistan, shugaban Rasha kuwa ya yi kashedi ga duk ƙasar da ta ke ba irin jiragen nan wurin tashi. Sai masu suka suka ce, in jirgin Ingila ya sha mai a Kano ya tafi ya yi ɓarna a wata ƙasa, wa za a tuhuma? In kuma ya tafi ne ya murƙushe baƙar fata masu neman 'yanci a Kenya ko Rodeshiya, da wane ido Nijeriya za ta dubi sauran Afirka? Suka ƙara da cewa maganar taimakon juna suna ce kawai, domin Nijeriya ba ta da jirgin yaƙi ko ɗaya da zai ratsa samaniyar Ingila, watau ɗaya ne ke da mabuɗin ƙofar ɗaya. Suka kuma ce zanen aro ba ya rufe katara, sojan da ya dogara ga wani ba zai taɓa tsayawa da ƙafarsa ba.

Ana cikin haka ɗaliban Kwalejin Jami'a ta Badun suka cika motoci suka zo Ikko. Suka kutsa harabar majalisa da kwalaye da ihu, har suka ci mutuncin waɗansu ministoci, 'yan sanda suka kore su, aka kama waɗansu. Wannan ba abin yabo ba ne. Majalisa wurin magana ce, kuma wanda ya fasa ƙofarta yau domin yana ganin gaskiya tasa ce, ya koya wa wani ya fasa ta gobe domin ƙarya. Amma zuwansu ya nuna wa gwamnati abin da ƙidayar ƙuri'a ba ta nuna ba, watau maganar ta shiga zukatan samari masu ilmi, waɗanda su ne ma'aikatan gobe. Duk da haka gwamnati tana da rinjaye. Aka jefa ƙuri'a, majalisa ta yarda, aka sa hannu a farkon Janairu 1961.

Bisa ga doka magana ta ƙare ke nan. Amma tsugune ba ta ƙare ba. Cikin shekarar 1961 Abubakar ya yi abubuwa da dama waɗanda suka nuna ba ɗan amshin shatan kowa ba ne. Faransa ta riƙa gwada bom mai guba a Reggane cikin hamadar Aljeriya tun Fabrairu 1960, mutane kuwa suka tsorata, domin iskar hunturu daga can ta ke busowa. Da ta yi gwaji na uku a ƙarshen Disamba, Nijeriya ta kori jakadan Faransa a watan Janairu 1961, ta hana jiragenta na ruwa da na sama shigowa. A watan Maris, a taron ƙasashe renon Ingila, Abubakar yana cikin waɗanda suka tsaya a kan mulkin wariyar launin fata har Afirka ta Kudu ta janye daga ƙungiyar. Amma duk sa'ad da Nijeriya ta buɗe baki a taron ƙasashen Afirka, sai a tuna mata da takardar nan. Ƙasashen da suka taru a Kasabalanka, irin su Gana da Gini da Mali da Masar, suna ganin duk wanda ya ƙulla alkawarin soja da tsohon ubangidansa, to, 'yancinsa da saura. A gida kuma ƙungiyoyin ƙwadago da na samari ba su yi shiru ba. A watan Agusta 1961 aka kira babban taron jama'a a Ikko domin shawara a kan hulɗa da ƙasashen Afirka, taron kuwa ya ba da shawara a soke alkawarin.

A nan ne wuyar ta ke. Abubakar malamin makaranta ne tun asali, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Bauci, an san shi da natsuwa da auna magana kafin ya faɗe ta. Mutum irin wannan ba ya son a ce ya yi magana biyu. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle wadda aka rubuta aka sa wa hannu gaban duniya. In ya warware, abokan hamayya za su ce sun kā da shi, Turawa kuma za su ce sabuwar ƙasar nan ba ta riƙe alkawari. In ya ƙi, doka tana bayansa, rinjaye yana hannunsa, ba mai iya tilasta shi, amma zai riƙa mulki da ƙaya a ƙafa, kuma sunan ƙasarsa zai riƙa raguwa a idon maƙwabta. Ga shi kuwa ya gayyaci shugabannin Afirka taro a Ikko a ƙarshen Janairu 1962.

Kwanaki kaɗan kafin taron nan, gwamnatocin biyu suka ba da sanarwa tare cewa sun warware alkawarin. Suka ce jama'a ba su fahimci nufinsa ba, kuma kowace ƙasa za ta ci gaba da taimakon ɗayar gwargwadon abin da ya dace. Ba a yi faɗa ba, ba a kori kowa ba. Samarin Nijeriya suka ci gaba da zuwa makarantun soja na Ingila, Bature ya ci gaba da riƙe sojan har 1965, sa'ad da aka naɗa Janar Aguiyi Ironsi. Waɗansu sun ce ashe takarda kaɗai aka yage, abin da a ke yi a da shi a ke yi. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Bambanci ne babba tsakanin baƙon da ke sallama a ƙofa kullum a ce masa ya shigo, da wanda mabuɗi ke aljihunsa. Na farko ana iya ce masa yau ba hali. Kuma daga nan Nijeriya ta fara rarraba ƙafa: da aka kafa sojan sama a 1964 Jamus ta Yamma ce ta taimaka, makarantar horad da hafsoshi ta Kaduna kuwa da malaman soja na Indiya aka buɗe ta a shekarar nan. A 1964 ɗin dai, da sojan Tanganyika suka yi bore, Turawan Ingila suka kwantar da shi, bataliyar Nijeriya ce aka kira ta karɓe su, domin Afirka ta fi natsuwa da ganin nata.

Akwai wata tambaya mai nauyi wadda ba ta kamata a ɓoye ba. Hatsarin da ya ci gwamnatin Abubakar ba daga waje ya zo ba. Ran 15 ga Janairu 1966 waɗansu hafsoshin sojan ƙasar suka tashi da dare, aka kashe shi, aka kashe Sardauna da waɗansu shugabanni da manyan soja, aka jingine tsarin mulki. Sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga, tsagar kuwa a cikin gida ta ke, ta rikicin Jihar Yamma da na ƙidaya da na zaɓe. Akwai masu cewa da an bar alkawarin, watakila da masu juyin mulki sun ji tsoro. Su kan kawo misalin Gabon, inda soja suka tuɓe shugaba Leon Mba a Fabrairu 1964, sojan Faransa suka sauka suka mai da shi kan kujerarsa. Amma sai a duba misalin da kyau. Shugaban da bindigar baƙo ta mayar, ga wa zai riƙa sauraro daga ranar, ga jama'arsa ko ga mai bindigar? Alkawarin tsaro yana iya tsare kujera, amma ba ya ɗinke ɓarakar da ke tsakanin 'yan ƙasa. Wannan aikin masu gida ne.

Abin da ya fi daraja cikin labarin nan shi ne hanyar da aka bi. An kawo magana gaban majalisa a fili, aka karanta sharuɗɗanta, masu suka suka faɗi albarkacin bakinsu, jaridu suka buga, aka yi ƙuri'a. Da shugaba ya ga rinjayen majalisa bai zama yardar jama'a ba, ya sauko da kansa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Abokin hamayya da ya nuna inda kaya suka karkace ya yi wa ƙasa aiki, ko da a ce yana da tasa manufa, shugaban da ya tsaya ya gyara kuwa bai faɗi ba.

Masu rubuta tsarin mulki na baya sun ɗaure maganar da igiya mai ƙarfi. Tsarin mulkin 1999, a sashe na 12, ya ce duk alkawarin da Nijeriya ta ƙulla da wata ƙasa ba shi da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mai da shi doka. Sashe na 5 kuma ya hana shugaban ƙasa shelar yaƙi sai majalisun biyu sun zauna tare sun yarda, ya kuma sa Majalisar Dattawa ta zama mai ba da izinin kai soja faɗa a wata ƙasa. An ga amfanin wannan a 2023. Da soja suka tuɓe shugaba Mohamed Bazoum a Nijar ran 26 ga Yuli, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yi barazanar yaƙi, shugaba Bola Tinubu ya rubuta wa Majalisar Dattawa. Dattawan Arewa suka tuna wa kowa cewa jihohi bakwai ne suka yi iyaka da Nijar, tun daga Kabi har Barno, kuma mutanen Maraɗi da Katsina, da na Ƙonni da Illela, dangi ne, ana aure ana kasuwa tare. Majalisa ta ba da shawara a bi hanyar sulhu. Ba a yi yaƙin ba.

Sabo da haka maganar tsaro da ƙasashen waje ba ta manya kaɗai ba ce. Ɗan talaka ne ke ɗaukar bindiga, gonar talaka ce ke bakin iyaka, harajinsa ne ke sayen harsashi. Wanda ya koyi karatu ya sami abin da kakansa da aka kai Bama bai samu ba, domin yana iya ɗaukar jarida ya ga abin da aka ƙulla da sunansa. Duk ran da aka ji gwamnati za ta yi alkawarin soja da wata ƙasa, ko ta gabas ce ko ta yamma, yana da iko ya tare wakilinsa ya tambaye shi abu huɗu: me za a ba ƙasar nan, me kuma za ta bayar? Shekara nawa alkawarin zai yi? In sojan baƙo ya yi laifi, alƙalin wace ƙasa zai yi masa shari'a? In kuma an gaji, ta wace hanya za a karɓi mabuɗin? Wakilin da ya kasa amsa waɗannan, sai a ce ya koma majalisa ya tambayo, domin aikin da aka zaɓe shi ya yi ke nan.